Karkarwar Taya A Manyan Motoci Da Motocin Daji: Ta Ina Ake Fara Nema?

Da zarar sitiyari ya fara rawa a hannun direba, shawarar kowa ɗaya ce: je ka yi balansin. A je, a biya, a manna dalma, a hau kwalta, mota ta ci gaba da abinta. A koma a ƙara dalma. Sau da yawa abin da ke damun motar laka ce ta bushe a cikin wili, ko tsatsa a fuskar hob (ƙarfen da ake ɗaura wili a jikinsa), ko tayar da wayarta ta saki. Balansin abu ɗaya yake gyarawa, wato nauyin da ya rinjaya gefe guda. Ba ya miƙe wilin da ya lanƙwashe, ba ya mayar da tayar da ta daina zama da'ira, ba ya ɗaure boris mai wasa. Don haka kafin ka kashe ko sisi, ka fita da motar ka saurare ta.

Tambayoyi uku kafin a taɓa sifana

Ta farko, a wane gudu take yi? Idan tun kana tafiyar kilomita 15 zuwa 40 a awa kake jin motar tana rangaji, ko sitiyari yana kai da komo a hankali, sau ɗaya a kowane juyin taya, to batun siffa ne: wili ya lanƙwashe, ko wayar cikin taya ta rabu da roba. Nauyi ba ya nuna kansa a wannan gudun. Idan kuwa lafiya lau take sai ka kai tsakanin 80 da 110 ta fara, ka wuce nan ta lafa, wannan shi ne halin rashin balansin.

Akwai dalilin da ya sa take zaɓar wannan gudun. Taya mai lamba 265/70R16, irin ta Hilux da Prado, kewayenta ya kai mita 2.44. A gudun kilomita 100 tana juyawa sau 11 da ɗoriya a daƙiƙa guda. Ita kuma ƙafar motar, wato taya da hob da abin da ke rataye a sifirin, ta fi saurin ɗaukar tsalle idan ana bugunta sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Idan lissafin biyu ya haɗu, ɗan nauyi kaɗan sai ya zama girgiza babba. Lafawar da take yi in ka ƙara wuta ba warkewa ba ce, ka dai fita daga inda ƙafar ke amsawa ne, amma bugun yana nan yana cin boris da shokazoba.

Ta biyu, a ina kake jin ta? A sitiyari, nemi gaba. A kujera da ƙasan ƙafarka, nemi baya ko farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul. A tirela wannan ƙa'idar tana yin rauni, domin direba a kan aksul ɗin gaba yake zaune, kuma bodi kan turo girgizarsa ta farantin da ya haɗa shi da kai. Maganin ruɗun shi ne a cire bodi a gwada kan motar shi kaɗai.

Ta uku, me kake yi lokacin da take zuwa? Idan sai ka taka birki, faifan birki ne ko gangarsa. Idan sai ka taka totur, ka ɗaga ƙafa ta ɗauke, zargi farfela. A miƙaƙƙiyar hanya marar gangara, mota ba kaya, kai ta gudun da take karkarwa ka sa ta a firi na ɗan lokaci. In karkarwar ta ci gaba yadda take, tana bin gudun mota ne, wato taya, wili, ganga ko farfela. In ta ɓace, mai yiwuwa tana bin juyin inji. Ka tabbatar da haka a tsaye: ba ta wuta har allurar juyin inji ta kai inda take a kan hanya. In ta girgiza a tsaye, taya ba ta da laifi, duba kujerun inji da fanka.

Abin da ruwa da buroshi ke gyarawa

Motar da ta fito daga daji, a fara wanke ta, kuma cikin wili ake nufi, ba fuskarsa ba. Laka tana taruwa a bayan wili, mota ta kwana a tsaye, ruwan ya tsiyaye, ta daskare a gefe guda. Ga lissafinta: giram 200 na busasshiyar laka a cikin wili mai inci 16, a gudun kilomita 100, yana fizgar ƙafar mota da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 20, sau 11 a daƙiƙa. Kuma ƙarfin ba ya tafiya kai da kai da gudu: ka ninka gudu sau biyu, shi ya ninku sau huɗu. Masu bin firgin ƙasar Borno da damina sun san irin lakar da ake magana, wadda sai an sa ƙarfe an kankare. A cire tayar a wanke ta a ƙasa, domin feshin da ake yi tana jikin mota rabi yake cirewa, kuma rabin laka ya fi cikakkiyarta ɓata ma'auni.

A motar mai taya bibbiyu a baya, leƙa tsakaninsu. Dutse kan maƙale a nan, yana girgiza mota yana kuma cin gefen tayoyin biyu a lokaci guda.

Sai ruwan cikin taya, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Kwamfuresar da ba a zubar da ruwan tankinta tana tura shi cikin taya tare da iska. Alamarsa ita ce injin balansin ya riƙa ba da lamba daban duk lokacin da aka juya tayar. Haka ruwan liƙe huji da ake ɗurawa yake yi idan ya dunƙule. In ka mirgina tayar a ƙasa ka ji motsin abu a ciki, a buɗe ta a share.

Ka auna iska da safe, kafin mota ta yi tafiya.

Zaman wili a kan hob

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne gyara ya fi araha. Fuskar hob da bayan wili dole su haɗu ƙarfe da ƙarfe. Tsatsa, yashi ko fenti mai kauri, ko da bai kai rabin milimita ba, yana karkatar da wili, kuma kafin karkacewar ta isa bakin taya ta ninku. A goge fuskokin biyu da buroshin waya har su yi haske.

Wili iri biyu ne wajen samun tsakiya. Akwai wanda ramin tsakiyarsa ke zama cif a kan wuyan hob, akwai wanda notuna masu tsinin baki ke jawo shi tsakiya. Hilux da Prado masu noti shida wuyan hob ɗinsu milimita 106.1 ne, Land Cruiser mai noti biyar kuma 110. Wilin kwalliya da ake saya a kasuwa galibi raminsa ya fi haka faɗi, don ya shiga motoci da yawa. In ka sa irinsa ba tare da zoben cike giɓi ba, kuma da notin da bakinsa bai dace da mazaunin ramin ba, wilin zai rataya ƙasa kaɗan kafin a ɗaure, ya daskare a haka. Wannan motar za ta yi karkarwa ko da injin balansin ya nuna sifili a kowace taya. Noti mai tsinin baki da noti mai wasa a gindi ba sa maye gurbin juna.

A manyan motoci ma haka ne. MAN, DAF, Actros da Howo galibi wili mai noti goma suke ɗauka, wanda ke zama a kan haƙoran hob, da noti mai faffaɗan gindi. Tsofaffin motocin Amurka da wasu na Japan kuma notin ne ke tsakaita wili, da noti na ciki da na waje, na ɓangaren hagu zarensa hagu. Haɗa wilin wannan tsarin da hob ɗin wancan yana jawo karkarwa, daga baya sitod, ƙusar da noti ke hawa, ya karye. Wajen sa wili mai zama a kan haƙora, a juya hob har haƙori ɗaya ya tsaya a sama daidai, a fara ɗaure notin sama, don ganga da wili su zauna a mazauninsu.

Ɗauri kuma a bi shi a gicciye, mataki biyu ko uku, wili na sama bai taɓa ƙasa ba. Yaron mota ya sa bututu a wilsifana ya hau yana tsalle, wannan ba awo ba ne. Wani noti ya sha wahala, wani bai kama ba, faifan birki ya murɗe. A yi amfani da sifana mai awo. Notin babbar mota mai zare M22 yana neman ƙarfin ɗauri na Nm 600 ko sama da haka kaɗan, na irin Hilux ɗari da ɗoriya, kuma littafin motar shi ne mai yanke hukunci. Bayan tafiyar kilomita 80 zuwa 160 a sake bin notunan, domin wili yana ƙara zama.

Da'ira kafin ma'auni

Sa waigi, ɗaga ƙafar, ka tokare motar da ƙarfen tokara, kada ka dogara da jak kaɗai. Ajiye wani abu mai nauyi a ƙasa ka ɗaura masa sukudireba, tsininsa ya kusa taɓa tsakiyar fuskar taya. Juya tayar a hankali kana kallon giɓin. In yana buɗewa yana rufewa, taya tana tsalle. Mayar da tsinin gefen taya ka sake juyawa, wannan zai nuna maka wutsil-wutsil na gefe. A ƙaramar motar daji, abin da ya wuce milimita ɗaya da rabi ana jin sa. A tayar gaban babbar mota, daga milimita biyu da rabi an fita daga lafiya. Yi wannan awon bayan mota ta yi tafiya taya ta ɗumama, in ba haka ba shacin kwanan da ta yi zai ruɗe ka. A taya mai manyan haƙora, naɗa tef mai faɗi a kewayenta don tsinin ya samu shimfiɗaɗɗen wurin bi.

Ka sa alli a inda ta fi tudu, sannan ka mayar da tsinin bakin wilin kansa. In wilin ne ke rawa, taya ba ta da laifi. Wilin ƙarfe da bakinsa kawai ya lotse ana iya bugunsa. Na alminiyam da ya tsage ko aka yi wa walda, bai cancanci komawa ƙafar gaba ba.

In wili lafiya yake amma taya na tsalle, duba zamanta. Kowace taya tana da siririn layi da ya kewaye gefenta dab da bakin wili. Bi shi da ido ta fuska biyu: nisansa da bakin wili ya zama ɗaya ko'ina. In a wani wuri ya nutse a wani ya fito, har bambancin ya kai milimita ɗaya da rabi, tayar ba ta hau daidai ba. Yawanci tsatsar bakin wili ce, ko an sa ta a bushe. A sace iska, a ɓalle bakin, a goge, a shafa man sa taya ko ruwan sabulu marar kauri, a sake hurawa. Ban da baƙin mai da gas da giris, suna cin roba. A ƙaramar mota kada a wuce psi 40 wajen neman baki ya hau. In bai hau ba a sace a sake, ba a ƙara iska ba.

Akwai wata dabara da masu faci da yawa suke tsallakewa. Wili yana da inda ya fi tudu, taya ma tana da nata. In biyun suka haɗu a wuri guda, tsallen ya zama biyu. A juya tayar a kan wilin rabin zagaye, sai tudun wannan ya faɗa a kwarin wancan. Sabuwar taya ma takan zo da alama: jan ɗigo shi ne tudunta, a daidaita shi da alamar kwarin wili in akwai. Rawayan ɗigo shi ne inda ta fi sauƙi, a kai shi saitin bawul.

Wili mai zobe, irin na 7.50R16 a Land Cruiser da 12.00R20 ko 12.00R24 a tifa da roka, yana da nasa matsalolin: tif da ya naɗe a ciki, shimfiɗar robar da ta karkace, zoben da bai zauna ba. Zoben nan yana kisa in ya fizge. A keji ake hura shi, ko a naɗe da sarƙa, mai hurawa yana gefe da doguwar tiyo.

Yanzu aka zo balansin

Inji ba ya ƙarya, amma abin da aka ɗora masa yake aunawa. Wilin motar daji mai faɗin rami, in aka riƙe shi da ƙaramin mazurari ta gaba, ba ya zama tsakiya, sai injin ya auna karkacewar ɗaurin ya kira ta nauyi. Abin da ya dace shi ne mazurari ta baya da faranti mai yatsu da ke shiga ramukan noti, don wilin ya zauna yadda zai zauna a mota. Gwajin gaskiya mai sauƙi ne: bayan inji ya nuna sifili, a kwance wilin, a juya shi kwata, a sake ɗaurewa a auna. In lambar ta canja da fiye da giram 10 zuwa 15, ko ɗaurin ne ba daidai ba, ko injin na bukatar saiti.

A cire tsohuwar dalma duka kafin a fara. A zaɓi awo na fuska biyu, ciki da waje. Taya mai faɗi tana iya daidaita sama da ƙasa amma ta rinjaya gefe, kuma wannan ne ke kaɗa sitiyari hagu da dama. Masu gudun ɓata kwalliyar wili su sa dalma mai manni a bayan ƙafafunsa, bayan an goge wurin ya bushe. Taya mai manyan haƙora tana cin dalma fiye da ta kwalta, amma in inji ya nemi giram 200 ko fiye a fuska guda, kada a jera dalma kamar haƙoran masara. A juya tayar a kan wili a sake aunawa.

Mai rage iska don shiga yashi, irin tafiyar Agadas zuwa Dirku, ya sani cewa a psi 15 zuwa 18 taya tana iya zamewa a kan wili, dalmar da aka sa jiya ta tashi aiki. Ja layin alli a gefen taya saitin bawul. In layin ya gusa, ka san abin da ya faru. Irin waɗannan motocin da manyan motoci su suka fi amfana da 'yan ƙwayoyin balansin da ake zubawa cikin taya, masu rarraba kansu in taya na juyawa. Tayar 11R22.5 tana ɗaukar kimanin giram 300, a bi jadawalin mai yin su. Suna son busasshiyar iska, danshi yana dunƙule su, kuma sun fi gyara tsallen sama da ƙasa a kan kaɗawar gefe.

Laifin tayar kanta

Karkarwar safe da ke ɓacewa bayan kilomita 15 zuwa 25 shacin kwana ne, musamman a taya mai zaren nailan da ta kwana da kaya. Ba ta bukatar komai. Amma shacin da birki ya yi lokacin da taya ta kulle ta ja a kwalta ba ya gogewa.

Shafa tafin hannunka a kewayen taya. Kumburi a fuskarta, ko haƙoran da suka karkace a wuri guda, alamar wayar ciki ta rabu ce. Wannan ba ta gyaruwa, kuma ita ce ke fashewa a zafin rana. Ta fi yawa a tayar gwanjo da tayar da ta sha lodi da ƙarancin iska. Lambobi huɗu na ƙarshen layin rubutun DOT da ke gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 3522 na nufin mako na 35 a shekarar 2022. In kuma hannunka ya ji kwari da tudu a jere, shokazoba ce ta mutu ta bar taya na tsalle. Canja taya ba tare da ita ba asara ce. Taya mai manyan haƙora a riƙa sauya mata wuri duk kilomita 8,000 zuwa 10,000.

Tayoyin baya bibbiyu su zama kai ɗaya. Bambancin tsayi kada ya wuce milimita 6, wato kusan milimita 19 in ka auna kewaye da tef. Iskarsu ma ɗaya. In ba haka ba, doguwar ta ɗauki kaya, gajeriyar tana jan ƙasa tana cin kanta a gurguje.

In har yanzu ba ka gane wace ƙafa ba ce, sauya ta gaba da ta baya a ɓangare guda. Karkarwa ta bar sitiyari ta koma kujera, ka kama ta. Ba ta gusa ba, matsalar tana jikin mota.

Idan ba taya ba ce

Ƙafa na sama, kama taya sama da ƙasa ka jijjiga. Wasa a nan boris ne, ko boljoyin, ko kinfin, gaɓoɓin da ƙafar gaba ke juyawa a kansu. Sa wani ya taka birki: in wasan ya ɗauke, boris ne. A babbar mota wasan boris da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.03 zuwa 0.13 ba, abin da hannu ba ya ji. Kama ta hagu da dama, wasa a nan tayarod ne. Gangar birkin da ba ta hau haƙoran hob ba tana girgiza mota ko ba a taka birki ba.

Farfela tana juyawa kusan sau huɗu a kowane juyin taya na motar daji, shi ya sa tata karkarwar siririya ce mai guɗa, irin mai sa madubi ya dushe. Duba kuros ɗinta, wato gaɓar bakinta mai siffar gicciye, ko akwai wasa ko jar ƙurar tsatsa a bakin kofunansa, duba boris ɗin tsakiya, duba ko ta bugi dutse ko ɗan ƙarfen ma'auninta ya faɗi. In an taɓa zare ta gida biyu aka mayar ba a kan alama ba, kunnuwan gaba da na baya ba za su yi layi ba, kuma za ta yi ta kaɗawa. Motar da aka ɗaga ta ƙara tsayi, kusurwar kuros kan wuce digiri 3, karkarwa ta biyo baya.

Akwai kuma wadda ta fi duka tsoratarwa, a motoci masu aksul ɗin gaba guda, irin Land Cruiser 70 da 80, Nissan Patrol, Defender da Jeep Wrangler. Kana tafiyar 60 zuwa 90, ka daki rami, sitiyari ya kama fizga hagu da dama kamar zai ƙwace. Kada ka danne birki, kada ka ƙara wuta. Riƙe sitiyari, ɗaga ƙafa, rage gudu a hankali har ta tsaya. Taya kan tayar da ita, amma sassaucin ƙarfen gaba ne ke rainonta. Mota na ƙasa da nauyinta, sa mutum ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, kai kuma kana ƙasa hannunka a kan kowace gaɓa. Fara da sandar da ta gicciya ta riƙe aksul da shasi: bushin ɗinta, kusoshinta, da ramin kusar ko ya zama dogo. Sai tayarod, sai boris ɗin kinfin da ƙarfin ɗaurinsu, sai kusoshin akwatin sitiyari. Sabuwar shokazobar sitiyari tana ɓoye ciwon na ɗan lokaci kawai, don haka ita ce ta ƙarshen saye. In an ƙara wa motar tsayi, a auna kwanciyar kinfin a wurin alaimen, domin ƙarin tsayin yana rage ta, kuma sai an mayar da ita da bushin na gyara ko farantin sauke hannuwan aksul kafin gaban ya natsu.